Ɗan Laboji da Ɗan Gwanja: Tarihin Itacen Goro Daga Kurmin Nufe Zuwa Kasuwannin Abijan

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san amsar da ake bai wa mai cewa "Albishirinka." Goro ake ce masa, in ya sake tambaya fari ko ja, a ce fari. Da goro ake neman aure, da shi ake ɗaura shi, shi ake rabawa ranar suna, sunansa kuma yara ke kira ranar salla in suna neman kyauta a wurin manya. Ko katin biki da ake bugawa da inji a yau goron gayyata ake ce masa, alhali babu ƙwayar goro ko ɗaya a tare da shi. Launin da ke tsakanin ja da rawaya ma ruwan goro ne sunansa.

Duk da wannan matsayi, itacen da ke haifar da goro ba ya fita a Kano ko Katsina ko Maraɗi. Bahaushe ya shafe ƙarnuka yana cin goro yana fataucinsa, kuma da yawa daga cikin fataken da suka tsufa a kan hanyarsa sun koma ga Allah ba su taɓa ganin furensa ba. Sai a ƙarni na 20 ne zuriyarsu ta zauna dab da gindin itacen, a garuruwa irin su Agege da Shagamu da Kumasi da Abijan. Tarihin goro a wurin Hausawa ya rataya ne a kan iri biyu. Na farko shi ne ɗan Laboji, wanda ake nomawa a 'yan kurame kaɗan na ƙasar Nufe, ba shi da yawa, kuma sai gidan sarauta. Na biyu shi ne ɗan Gwanja, goron jama'a, wanda nemansa ya ja ayari zuwa yamma, har daga baya ya kai Hausawa unguwannin Treichville da Adjamé a ƙasar Kwaddebuwa.

2.0 Itacen da Ɗansa

Goron da Hausawa suka saba ci shi ne wanda masana tsirrai ke kira Cola nitida. Alamarsa ita ce in an ɓare shi ɓari biyu yake rabuwa. Yana da ɗan'uwa, Cola acuminata, wanda ke rabuwa uku ko fiye, shi Yarabawa ke kira abata, kuma shi ne na hidimomin al'adarsu. Namijin goro kuwa suna kawai ya ara, domin itacensa daban ne, danginsa ma daban. Asalin Cola nitida dazuzzukan yammacin Afirka ne, daga Gini da Saliyo da Laberiya zuwa Kwaddebuwa da Gana. Wannan ya sa kalmar ta zama kusan ɗaya a bakin al'ummomin da suka yi fataucinsa: Julawa na cewa woro, Hausawa da Fulani da Zabarmawa na cewa goro, mutanen Wolof na Senegal na cewa guro.

Itace ne mai duhun ganye wanda ba ya kaɗewa da rani, tsayinsa kan kai mita 12 zuwa 20. Yana son ƙasa mai zurfi da damina mai tsawo da iska mai laima, yana kuma son inuwa lokacin ƙuruciyarsa. Dogon rani da hunturu su ne suka hana shi zama a ƙasar Hausa. Wanda ya shuka ƙwayarsa zai jira shekara shida ko bakwai, wani lokaci har goma, kafin ya ga 'ya'yan fari, sannan itacen ya ɗauki wasu shekarun kafin ya kai cikar haihuwarsa. In ya kafu kuwa yakan rayu shekara saba'in zuwa ɗari. Ke nan mai dasa shi jikokinsa yake yi wa aiki.

'Ya'yan kan fito ne a cikin kwasfa koriya mai gurɗa-gurɗa, kowace da ƙwaya huɗu zuwa takwas ko ɗan fiye, kowace ƙwaya a lulluɓe da farar fata. Ana tsinko kwasfar da lauje a bakin doguwar gora, a fasa ta, a jiƙa ƙwayoyin ko a tara su har fatar ta yi laushi, a wanke, a bar su a kwando su yi gumi, sannan a naɗe su cikin ganye. Sinadarin kafin da ke cikin goro, kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, shi ke kore barci da gajiya. Shi ne kuma ya ja hankalin masu haɗa magani a Turai da Amurka a ƙarni na 19, har sunan itacen ya shiga cikin sunan Coca-Cola, wanda John Pemberton ya haɗa a Atlanta a 1886.

Kalmomin Hausa na goro sun nuna inda ilimin Bahaushe ya tsaya. Akwai goriya da marsa ga manya zaɓaɓɓu, akwai minu ga ƙanana, akwai daushe ga wanda ya kwana ya shekara ya yi daɗi. Ƙwarya ita ce goro ɗari. Huhu shi ne ƙunshin goro cikin ganyen fita, waga kuma jakar fata ce da ake ɗora wa jaki. Sankara ita ce tsutsar da ke cin goro ta ciki alhali bayansa na nan sumul, kuma daga nan ne Hausar zamani ta ɗauko sunan cutar da ke cin jikin mutum a ɓoye. Duk waɗannan kalmomin mai saye da mai ajiya ne. Harshen bai tara irinsu ba a kan fure ko saiwa ko reshen itacen, saboda masu harshen ba su zauna da shi ba.

3.0 Laboji: Goron Fada

Daɗaɗɗen labarin shigowar goro ƙasar Hausa yana cikin littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908. Littafin ya kawo cewa a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1421 zuwa 1438, Sarkin Nufe ya aika wa Sarauniya Amina ta Zazzau babanni 40 da goro 10,000, kuma a zamaninta ne goro ya fara yawaita. Masana sun yi saɓani a kan zamanin Amina, wasu na kai ta ƙarni na 16. Abin lura a nan shi ne inda goron ya fito. Tun kafin a ambaci Gwanja, Nufe aka ambata.

Ƙasar Nufe ba ƙasar daji mai duhu ba ce. Sai dai a yammacin Bida, wajen Laboji da ƙauyukan da ke kewaye da shi, akwai kurame da ke bin bakin ƙoramu, inda ƙasa ke riƙe laima har tsakiyar rani, manyan itatuwa kuma na tare hunturu. A cikin waɗannan kurame ne wani rukuni na Nufawa da ake kira Kusopa, wato mutanen kurmi, suka riƙa dasa Cola nitida, nesa ƙwarai da mahaifarsa ta yamma. Goron da ya fito daga nan an san shi da fari da girma da daɗin ɗanɗano, kuma sunan ƙauyen ya zama sunansa a kasuwannin Hausa.

Ƙarancinsa ya sa ya zama kayan mulki. Bayan da gidan Malam Dendo ya kafu a Bida a tsakiyar ƙarni na 19, sarauta ta riƙe cinikin wannan goro a hannunta. Mafi kyawun amfanin kan tafi fadar Etsu Nufe, daga can ya shiga cikin gaisuwar da ake aika wa Gwandu da Sakkwato da sauran manyan fadoji. Masanin halayyar al'umma S. F. Nadel, wanda ya zauna a Nufe a tsakiyar shekarun 1930, ya bayyana gonakin goron Kusopa da alaƙarsu da sarauta a littafinsa A Black Byzantium na 1942.

Akwai dalili na ilimin tsirrai da ke taimakawa wajen fahimtar yadda ɗan Laboji ya riƙe kamanninsa tsawon zamani. Abin da ake sha a mangwaro tsokar uwa ce, don haka itace ɗaya ɗanɗano ɗaya yake bayarwa ko daga ina garin fure ya zo masa. Abin da ake ci a goro kuwa ƙwayar ce da kanta, wato ɗan da aka haifa tsakanin uwa da uba. Shi ya sa ake fasa kwasfa ɗaya a tarar da fari da ja da mai ruwan hoda a kwance tare. Binciken masana aikin gona a Najeriya tun shekarun 1930 ya nuna cewa ja yana rinjayar fari, kuma farin goro ba ya tabbata sai in uwa da uba duka na farin ne. Kurmin da ke keɓe a tsakiyar fili, babu wasu itatuwan goro kusa da ƙwari za su kwaso garin furensu, wuri ne da iri zai iya zama bai gauraya ba. Sauran aikin na manoma ne, waɗanda suka riƙa zaɓen abin da za su shuka daga itatuwan da suka fi kyau, kaka ya bar wa uba, uba ya bar wa ɗa.

4.0 Hanyar Gwanja

Abin da 'yan kurame ke fitarwa ba zai ishi birane ba. Littafin tarihin Kano ya ce Sarki Abdullahi Burja, daga 1438 zuwa 1452, shi ya buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja, a zamanin Sarki Yakubu kuma fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Fataucin ya bunƙasa ne sosai a ƙarni na 18 da na 19, lokacin da daular Asante ta mallaki dazuzzukan goro, ta kuma mayar da Salga, a ƙasar Gwanja, kasuwar da baƙi daga arewa za su tsaya. Ba a barin fataken su wuce kudu zuwa cikin daji. Goro a kan mutane yake fitowa ya same su a Salga. Daga nan sunan ya samo asali: Gwanja ba ta noman goro, a can dai ake sayensa. Yarabawa ma da suka karɓi irin daga baya gbanja suka kira shi.

Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa Caravans of Kola na 1980, ya nuna cewa rukunoni uku ne suka fi riƙe wannan sana'a a ƙarni na 19: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari kan tashi ƙarƙashin madugu, jagaba na gaba yana duba hanya da zango. Akan tsallaka Kwara ta wajen Yawuri ko Busa ko Illo, a ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, a bi ta Sansanin Mango ko a miƙe zuwa Yandi, sannan a sauka Salga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida har zuwa shekara. Kayan da ake kaiwa sun haɗa da kanwa da turkuɗi da jima da gabu da dabbobi, har da bayi, waɗanda Salga ta yi ƙaurin suna wajen cinikinsu. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa sun kai dubu.

Wahalar ta fi yawa a dawowa, domin goro ba ya son zafi, ba ya son bushewa, ba ya kuma son ruwa ya yi masa yawa. Bayan 'yan kwanaki dole a sauke waga, a kwance huhu, a tsince wanda sankara ta kama, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa. Falken da ya yi sakaci zai isa gida da ruɓaɓɓen kaya. Wanda ya iya kuwa ya dace. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan jaki fiye da 500 na goro ke shiga birnin a shekara, kowanne in ya iso lafiya ana sayar da shi wajen wuri 200,000. Jaki ya zama jarin falke har aka yi masa karin magana: abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Wani reshe na hanyar ya zarce yamma zuwa ƙasashen da ke cikin Kwaddebuwa ta yau. Bafaranshe Louis-Gustave Binger, a tafiyarsa ta 1887 zuwa 1889, ya tarar da Hausawa a Bonduku da Kong, inda suke da unguwa suna rini da fatauci. Julawa na kiran Hausawa Maraba, kuma sunan na nan a jikin garin Marabadiassa, a tsakiyar ƙasar. A wannan yanki Hausawa baƙi ne a kasuwar wasu. Julawa ne suka riga kowa, suna sayen goro daga mutanen daji irin su Guro da Bete suna haurawa da shi zuwa kogin Kwara na sama. Yankin Séguéla da Mankono har yau Worodugu ake kiran sa, ma'ana ƙasar goro.

5.0 Hanya Ta Karkata Zuwa Teku

A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi. Da ƙarfin Asante ya raunana, Salga ta ɓalle, Asante kuma ta karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni kamar Kintampo. Yaƙin basasar Salga na 1892 ya ƙarasa watsa garin. Cikin waɗanda suka bar shi har da malamin nan ɗan Kano, Alhaji Umaru, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. A yamma kuma Samori Ture ya kama Bonduku a 1895, ya rushe Kong a 1897. Cikin shekara ashirin da 'yan kai, manyan zangunan hanyar ƙasa suka durƙushe.

Goron sai ya bi ruwa. Fatake suka fara loda shi a jirgin ruwa daga Akara da Sekondi zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci a farkon ƙarni na 20 kafin ya juya ga gyaɗa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. A daidai wannan lokaci manoman Yarabawa a kewayen Agege da Ota suka fara dasa ɗan Gwanja, daga nan ya bazu zuwa Egba da Ijebu da Remo. Sabon Shagamu da Sabon Ibadan suka zama sababbin zangunan goro, kuma a kan na Ibadan ne Abner Cohen ya rubuta littafinsa na 1969. Najeriya, wadda a da sai an kawo mata, ta zama ƙasar da ta fi kowace noman goro. Goro ya yi araha har ya shiga aljihun talaka, ɗan Laboji kuma ya koma abin da masana goro kaɗai ke tambaya.

6.0 Treichville, Adjamé da Anyama

Abijan jirgin ƙasa ne ya haife ta. A 1904 Faransawa suka fara shimfiɗa layin dogo daga bakin tafkin Ebrié zuwa arewa. Ya kai Bouaké a 1912, Bobo-Dioulasso a 1934, Wagadugu a 1954. A 1934 aka mayar da babban birnin mulkin mallaka daga Bingerville zuwa Abijan. Turawa suka ɗauki tudun Plateau, suka bar wa 'yan Afirka unguwa biyu. Treichville na kudu, a tsallaken tafki, an sa mata sunan Marcel Treich-Laplène, an kuma yanka ta layi-layi da lambobi. Adjamé na arewa, a bayan barikokin soja, a kan tsohon ƙauyen mutanen Ebrié. Soke aikin tilas a 1946 da buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950 suka jawo ɗimbin 'yan ci-rani daga Mali da Burkina Faso da Nijar da Najeriya.

Treichville, da yake tana jikin tashar jiragen ruwa, ita ce masaukin farko na 'yan dako da leburori da ƙananan 'yan kasuwa. A can Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Moi, un noir na 1958, a kan rayuwar samarin Nijar da suka zo neman kuɗi, cikinsu har da Oumarou Ganda, wanda daga baya ya zama babban mai shirya fim. Adjamé kuwa ita ce ƙofar arewa. Babbar tashar motoci na can, kuma kayan da suka fito daga ƙasashen Sahel a can suke sauka. Hausawan Adar, daga yankin Tawa, sun yi suna a cikinta da fataucin albasa, musamman 'yar Galmi. Sawun Hausawa ya shiga har cikin abincin birnin. Garba, wato turaren garin rogo da soyayyen kifin teku, wanda talakan Abijan ke karyawa da shi, ya samo sunansa ne daga sunan Hausa, saboda 'yan Nijar ne suka shahara da sayar da shi.

Cibiyar goro tana ɗan gaba kaɗan. Anyama, kimanin kilomita 20 arewa da Abijan a kan layin dogo, ƙasar mutanen Attié ce, kuma har yau birnin goro ake yi mata laƙabi. Manoman yankin sun bar itatuwan goro a tsaye cikin gonakin kofi da koko, suna ba da inuwa suna kuma kawo kuɗi. Masu saye suna bin ƙauyuka suna tarawa, a kawo shagunan Anyama, a wanke, a zaɓe, a ware fari da ja da manya da ƙanana, a naɗe cikin ganye a kwanduna. Daga nan kaya ke tashi zuwa Mali da Senegal da Burkina Faso da Nijar da Najeriya. Mafi yawan manyan masu shagunan Julawa ne, kamar yadda abin yake tun zamanin Worodugu. Hausawa sun shiga ne ta ƙofar da suka sani: maigida mai saukar baƙi, da dillali mai cin la'ada, da falke mai kai kaya gabas. Motar da ta sauke albasa a Adjamé na iya komawa da goro. Ta wannan hanya Kwaddebuwa ta shiga sahun gaba na ƙasashen da ke fitar da goro, kuma kayanta na isa kasuwanni irin su Mariri a Kano da Shagon Goro a Sakkwato.

Siyasa ta sha girgiza wannan zama. Dokar korar baƙi da gwamnatin Busia ta kafa a Gana a watan Nuwamban 1969 ta tarwatsa zangunan Hausawa da yawa, wasu suka koma gida, wasu suka tsallaka ƙasashe maƙwabta. Tawayen da ya ɓarke a Kwaddebuwa ranar 19 ga Satumban 2002 ya raba ƙasar biyu, ya toshe hanyar arewa, har manyan motoci suka riƙa zagayawa ta Gana.

7.0 Baƙo da Dasa Itace

Tambayar da ta rage ita ce me ya hana Bahaushen Abijan, wanda itacen goro ke tafiyar sa'a ɗaya daga ƙofar gidansa, ya zama manomin goro. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A al'adar yawancin mutanen daji, ana iya ba baƙo aron ƙasa ya shuka abin da zai girbe a shekara, amma dasa itace mai tsawon rai tamkar kafa hujjar mallaka ne, don haka ba a cika sakin hannu a kansa ba. Shugaba Félix Houphouët-Boigny ya sassauta wannan a shekarun 1960 da manufarsa ta cewa ƙasa ta mai aikinta ce, baƙi da yawa kuma, musamman daga Burkina Faso, suka kafa gonakin koko. Dokar filayen karkara ta 23 ga Disamban 1998 ta mayar da mallakar irin waɗannan filaye ga 'yan ƙasa kaɗai, a shekarar da ƙidayar jama'a ta nuna kashi 26 cikin 100 na mazauna ƙasar baƙi ne. Mutumin da bai tabbata ɗansa zai gaji fili ba, da wuya ya dasa abin da sai bayan shekara bakwai zai haihu. Ga kuma tsohuwar ɗabi'ar falke, wanda jarinsa a kasuwa yake juyawa, ribarsa kuma gida take komawa a gina soro ko a je Makka.

Ko ga mai fili, riƙe iri na musamman a ɗan lambun gida aiki ne mai sharuɗɗa. Akan zaɓi cikakkiyar ƙwaya daga itace sananne, a kwantar da ita a gefenta cikin ƙasa mai laushi a inuwa. Sabuwar ƙwaya na jinkirin tsiro, wadda ta ɗan kwana a ajiye ta fi saurin fita. Akan dasa da farkon damina, a bar tazarar wajen mita 8, a kewaye da ayaba don inuwa. Itace ɗaya tilo sau da yawa ba ya haihuwar kirki, domin goro da yawa ba ya karɓar garin furen kansa, sai na wani. Ana iya yi masa aure kamar yadda ake yi wa mangwaro, ko a kafa reshensa, wannan kan rage shekarun jira ya kuma riƙe halin uwa. Amma in maƙwabci na da jan goro, farin zai gauraya. Cibiyar binciken koko ta Najeriya da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1964, da cibiyar binciken aikin gona ta Kwaddebuwa, wadda aka kafa a 1998, duk suna aiki a kan zaɓen iri da auren itacen goro.

Barazanar da ke fuskantar tsofaffin iri ta fito ta fuska biyu. Dajin Kwaddebuwa, wanda aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 16 a farkon ƙarni na 20, bai cika miliyan 3 ba a ƙididdigar 2021. Gonakin roba da na kwakwar manja ba sa barin wani itace a tsakaninsu, gidaje kuma na cin gonakin da ke kewayen Anyama yayin da Abijan ke faɗaɗa. Ta fuskar kasuwa kuwa, kwando na tara goron ƙauyuka da yawa, a ware shi bisa launi da girma kawai. In ba a biyan manomi ƙarin kuɗi saboda asalin itacensa, ba shi da dalilin da zai sa ya wahala wajen keɓe shi.

8.0 Kammalawa

Goro ya shigo ƙasar Hausa a matsayin gaisuwar sarki ga sarauniya, ya zama jarin fatake a hanyar Gwanja, ya koma kayan jirgi da mota, har ya kai Hausawa bakin teku a Treichville da Adjamé. A duk waɗannan matakai rabon aiki bai sauya ba: Nufawa da Asante da Attié da Yarabawa suna gindin itace, Hausawa da Julawa suna kan hanya. Ɗan Laboji ya yi suna ne saboda Kusopa sun zauna da itatuwansu a kurmi guda shekara da shekaru, kuma an sami masu saye da suka san bambancinsa suka biya. Ga ɗalibin harshe da tarihi akwai aiki a buɗe: a zauna da dattawan 'yan goro na Mariri da Shagon Goro da Adjamé, a rubuta sunayen ire-iren goron da suka sani, da garin da kowanne ke fitowa, da yadda ake gane shi a ido da a baki, sannan a bi sunayen zuwa ƙauyukan a ga waɗanne itatuwa ne har yanzu suke tsaye.